Darasin Iyali: Me ya sa yaranmu ke jin nauyin neman taimakon abokansu?



A zaman da muke yi da iyalan da suka sauka a unguwar Zongo ta Kwatano, magana ɗaya tana yawan fitowa. Yaro ɗan shekara 12 zuwa 14 yana wuni da abokai, tare suke ƙwallo, tare suke zuwa makarantar allo, amma idan abu ya dame shi ba ya gaya wa ko ɗayansu. Kada mu raina wannan shirun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin cututtukan da suka shafi tunani suna somawa ne tun yaro bai wuce shekara 14 ba.

Dalilan shirun

1. Tsoron gori. A shekarun balaga babu abin da yaro ke gudu kamar a yi masa dariya. Wanda tashin hankalin hanya ya sa ya koma fitsarin kwance, ko yarinyar da ta fara al'ada ba ta da audugar mata, gara su haɗiye damuwar da ta zama abin tsokana.

2. Abotar sabuwa ce. Aminan da ya tashi da su sun watse. Na yanzu bai gwada su ba, bai san mai riƙe amana ba.

3. Harshe. A aji Faransanci ake yi, a kasuwa Fon ya fi yawa. Yaron da bai gane darasi ba yana tsoron ya tambayi na kusa da shi a ce masa baƙauye.

4. Abin da muka koya musu. Mu ke cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, mu ke cewa namiji ba ya kuka. Sai yaro ya ɗauka faɗin damuwarsa tona asirin gida ne.

5. Tausayi. Yana ganin abokin ma ya rasa gida ko mahaifi, ba ya so ya ƙara masa nauyi.

Abin da za mu yi

Mu bari su ga muna neman taimakon maƙwabta ba tare da jin kunya ba. Mu koya musu su fara da ƙaramin abu, kamar aron littafi ko bayanin lissafi, daga nan za su gane wanda ya cancanci yarda. Mu san abokansu da iyayen abokan. Idan aboki ya gaya wa ɗanmu sirrinsa, mu hore shi kada ya yi dariya, kada ya kai gaba.

Inda aboki bai isa ba

Duka mai tsanani, taɓa jikin yaro ta hanyar lalata, auren dole, ko yaro ya ce ya gaji da rayuwa: waɗannan ba sirrin da yara za su riƙe ba ne. A sanar da babban da aka yarda da shi, ko ma'aikacinmu na kare yara. Dokar yara ta Benin ta 2015 tana kare kowane yaro da ke ƙasar, kuma lambar 138 ta taimakon yara kyauta ce.

Aikin wannan mako: bayan sallar isha'i, kowa ya tambayi ɗansa ko 'yarsa, "In abu ya dame ka, wa za ka gaya wa?" Idan ya yi shiru, kada mu yi faɗa. Mu sake tambaya gobe.

Allah ya raya mana su, ya ba mu zaman lafiya.