Darasin Kiwo: Babbar Kaska da Ƙaramar Kaska

'Yan'uwa makiyaya na Dutse, Kiyawa da kewaye, idan damina ta faɗi mukan ga kaska ta kumbura a jikin saniya, mu cire ta, mu ce mun gama. Amma wadda ido ya gani kaɗan ce daga cikin masu cutar da garkenmu.

Me ya sa girmansu ya bambanta?

1. Shekaru. Kaska tana ƙyanƙyashewa daga ƙwai da ƙafa 6, ba ta kai ƙwayar gero ba. Bayan ta sha jini ta yi saɓa, sai ta zama mai ƙafa 8. Saɓa ta biyu ce take mai da ita babba.

2. Jinsi. Namiji ba ya kumbura sosai. Mace ce take cika da jini, ta faɗo ƙasa ta zuba ƙwai.

3. Iri. Kaska mai zane a baya da dogon baki babba ce, macenta takan yi ƙwai wajen 20,000. Ita ke kawo ciwon ruwan zuciya, miyakun cizonta kuma suna buɗe wa kirci hanya. Shuɗiyar kaska ƙarama ce, takan yi kamar mako 3 a jikin saniya ɗaya, tana kawo zazzaɓi mai sa fitsarin jini.

4. Jikin saniya. Shanunmu na gida, kamar Bunaji, sun fi shanun Turai jure wa kaska. A jikin mai juriya kaska ba ta ƙoshi sosai, ƙwanta ma yakan ragu. Ramammiyar saniya kuwa juriyarta takan faɗi.

Ke nan girma ba shi ne ma'aunin haɗari ba. Kaska mai zane tana iya sa wa dabba ciwon ruwan zuciya tun kafin ta balaga.

Abin da za mu yi:

- Mu shafa jikin dabba da hannu, mu duba ƙarƙashin wutsiya, hantsa, hammata, kunnuwa da tsakanin kofato.
- Kada mu murje kaska da yatsu, domin akwai irin da ke sa wa mutum zazzaɓi mai tsanani. A jefa ta cikin kananzir ko wuta.
- Dabbar da aka sayo a Shuwarin ko Maigatari, a ware ta, a yi mata magani kafin ta shiga garke.
- A bi ma'aunin da malamin dabbobi ya faɗa. Tsarma magani fiye da kima yana sa kaska ta saba da shi.

Karin Magana 27:23 ta gargaɗe mu mu san halin da garkenmu yake ciki. Dabbobin nan amana ce daga Allah, su ne nonon yara da kuɗin makaranta.

Tambayoyi don tattaunawa: A wane wata kaska ta fi yawa a ƙauyenku? Wa yake duba awaki da tumaki a gidanku?