DARASI: Yadda Za Mu Gane Batirin da Ya Tsufa

A yawancin ƙauyukanmu, batir ɗaya ne ke riƙe da fitilun majami'a, da lasifika, da cajin wayoyi, wani wurin har da hasken ɗakin shan magani. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, sau da yawa daga baikon jama'a yake fitowa. Idan aka aiki mutum Kano ya sayo, akasari Sabon Gari yake nufa, a ƙaramar hukumar Fagge, inda shagunan kayan wuta suke jere a titin France Road da cikin kasuwa. A can akwai sababbi, akwai kuma na hannu. Mai kaya zai ɗora mita a kai, ta nuna 12.6, ya ce lafiya lau. Amma wannan lamba ita kaɗai ba ta isa shaida ba. Bari mu ga dalili.

Abin da ke cikin batir

Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro irin wannan batir a shekarar 1859. Batir mai bolt 12 yana da ɗakuna shida. Kowane ɗaki yana da faranta na dalma a cikin ruwan asid, yana ba da kimanin bolt 2.1. Idan batir ya huta na wasu awowi, ba caji ba lodi, ga abin da mita ke faɗa mana:

12.6 zuwa 12.7: a cike yake
12.2: saura kimanin rabi
11.9 ko ƙasa: ya ƙare
Kusan 10.5 bayan an yi masa caji: ɗaki ɗaya ya mutu

Me ya sa wuta ke faɗuwa ta kuma dawo?

Mu tuna da rijiyar da yashi ya cike. Da safe ruwa yana kusa da baki, sai ka ce ta fi kowace. Da an ja guga uku sai ta ƙafe. In aka bar ta ta huta, ruwan ya sake tasowa. Haka tsohon batir yake. Idan ana barinsa ba caji, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantan, wurin ajiyar wuta ya ragu. Da an kunna kaya sai lambar ta zube. Da an kashe, asid ya sake ratsa farantan, lambar ta hau. Ko sabon batir yakan sauka kaɗan ya dawo. Abin lura shi ne zurfin faɗuwar da saurinta.

Gwaji mataki huɗu

Abin da muke bukata: ƙaramar mita, da ƙwan fitilar gaban mota mai wat 55, da waya, da littafi.

1. Mu yi wa batirin caji har ya cika, mu cire komai, mu bar shi ya kwana. Wanda aka cire daga caji yanzu yakan nuna sama da 13, wannan ba ainihin ƙarfinsa ba ne.

2. Da safe mu gwada mu rubuta. In bai kai 12.4 ba, akwai matsala.

3. Mu haɗa ƙwan, mu duba mita bayan minti goma. Babban batir mai lafiya, irin mai lamba 100Ah, zai tsaya sama da 12. In ya gangara 11 ko ƙasa, sannan ya yi tsalle ya koma 12.4 da aka cire ƙwan, ya tsufa.

4. In ya ci wannan, mu bar ƙwan a kunne. Yana jan kimanin amfiya 4 da rabi, saboda haka batir mai 100Ah zai yi kusan awa 10 kafin ya kai rabi. In ya kai rabi cikin awa biyu, kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa ne ya rage.

Kafin mu yanke wa batir hukunci

Wani lokaci laifin ba nasa ba ne. Yayin da kaya ke kunne, mu gwada a kan batirin, mu sake gwadawa a bakin inbata. In bambancin ya kai rabin bolt, waya ce ta yi siriri ko kan batirin ya yi tsatsa. Mu kuma duba farantin sola, ƙurar hunturu tana rage caji ƙwarai. A lokacin caji mita ta kamata ta kai tsakanin 13.8 da 14.4.

Yadda za mu tsawaita ransa

Kada mu riƙa shanye shi ƙasa da rabi. Mu ajiye shi a inuwa mai iska, gama zafin bazara yana cin batir: ƙarin digiri 10 a kan 25 yakan rage rabin kwanansa. In mai murfi ne, mu ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa domin batir, ba ruwan rijiya ba, ba asid ba. Kada a kunna ashana kusa da shi lokacin caji, iskar da yake fitarwa tana kama wuta.

In ya mutu, kada a fasa shi a gida. Dalma guba ce. A Thiaroye kusa da Dakar a ƙasar Senegal, yara 18 sun mutu tsakanin 2007 da 2008 sanadiyyar fasa tsofaffin batura a unguwa. Mu mayar da shi ga masu sayarwa da murfinsa a rufe, yawanci sukan rage kuɗin sabo.

Tambayoyi domin tattaunawa

Wane ne ke kula da batirin ikilisiyarmu, yana kuma da littafin rubuta lambobi?
Wanda za mu aika Sabon Gari, zai tafi da mita da ƙwai ya gwada kafin ya biya?
Ina tsofaffin baturanmu suke yanzu, yara suna kai wurin?