Darasin Mako: Yi wa Doki Tausa Bayan Hawa

'Yan'uwa ɗalibai, mu 'yan cikin gari ba baƙin doki ba ne. Mun san Hawan Sallah, da Hawan Daushe wanda ake danganta asalinsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), da Hawan Nasarawa, da na Ɗorayi ko Fanisau. A shekarar 2024 ma hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Tun da can fada ta ba kula da dawaki muhimmanci, shi ya sa ake da sarautar Shamaki mai lura da bargar Sarki. To amma idan an gama jafi a Ƙofar Kudu kowa ya watse, wane hali dokin yake kwana a ciki?

Me ke sa jikinsa ciwo?

Kusan rabin nauyin doki tsoka ce. Ba shi da ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji kamar namu, tsokoki ne suke riƙe da ƙafafunsa na gaba, kuma waɗannan ƙafafu su ke ɗauke da kamar kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. Ku ƙara masa sirdi da kayan ado da mahayi, ga tsayuwar sa'o'i a rana, ga sukuwa da ja da linzami a tsaya cak. Irin wannan aiki yana jawo 'yan ƙananan yagewa a zaren tsoka waɗanda ido ba ya gani. Ciwon yakan fi tsanani bayan kwana ɗaya zuwa biyu, daidai yadda cinyoyinmu suke yi bayan gasar tsere ta makaranta. Ga shi kuma hawa na bin hawa kwanaki a jere.

Amfanin tausa

Tausa tana ɗumama tsoka, tana ƙara gudanar jini a wurin, tana sassauta inda ya ɗaure, kuma tana kwantar wa doki hankali. Wani babban amfaninta shi ne hannu yana gano abin da ido ya tsallake: kumburi, ko zafi, ko wurin da sirdi ya fara gogewa kafin ya zama gyambo. A Amurka sana'a ce sukutum. Wani mai suna Jack Meagher ya yi fice a kanta, har ya yi wa dawakin ƙasarsa aiki a wasannin Olamfik na 1976.

Yadda ake yi

1. A sauke sirdi, a zaga da dokin a hankali har numfashinsa ya daidaita, a ba shi ruwa, a goge gumi da ƙura.
2. A tsaya a gefensa kusa da kafaɗa, ana yi masa magana. Kada a tsaya a bayansa saboda harbi.
3. A fara shafa da tafin hannu daga wuya zuwa kafaɗa, zuwa baya, zuwa kuturi, ana bin yadda gashi ya kwanta.
4. Sai a riƙa danna naman a hankali ana murzawa, minti 15 zuwa 20 sun isa. Ba a danna ƙashin baya ko gaɓoɓi. Daga gwiwa zuwa kofato kuwa babu tsoka, ƙashi ne da jijiyoyi, don haka shafawa kawai ake yi ana duba kumburi.
5. A lura da amsarsa. Idan ya sunkuyar da kai yana lasar baki, yana jin daɗi. Idan ya kwantar da kunnuwa, ko ya lanƙwashe baya, ko yana kaɗa wutsiya da ƙarfi, an taɓa ciwo, a sassauta.

Lokacin da ba a yi

Ba a yin tausa a kan rauni, ko kumburi mai zafi, ko ga doki mai zazzaɓi ko ɗingishi. Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5. Akwai kuma wata cuta mai kama dokin da ya daɗe a turke yana cin hatsi sannan aka fito da shi aiki mai tsanani: kuturinsa ya sandare, gumi ya keto masa, ya ƙi tafiya, fitsarinsa ya yi duhu. Wannan kada a murza shi, kada a tilasta masa tafiya, a kira likitan dabbobi nan take, domin tana iya taɓa ƙoda.

Rigakafi dai ya fi magani. A fara yi wa doki kilisa kullum makonni kafin Sallah, a tabbatar sirdi ya zauna masa daidai, a rage masa hatsi a ranakun hutu. Masu doki a gida da masu ɗaukar haya, mu tuna cewa doki ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, mu ne za mu duba.

Tambayar mako: me ya sa ba a murza ƙafar doki daga gwiwa zuwa ƙasa? A miƙa amsa ga sakataren ƙungiyarmu kafin ranar Alhamis.