Murar da Ta Ƙi Tafiya: Bayani Kan Tsiron Hanci

Mura ta yau da kullum takan yi mako guda ko kwana goma ta tafi. Amma in mutum ya kai mako 12 hanci a toshe, to, abin ya wuce mura, kada kuma a ɗora wa ƙurar hunturu laifi.

Ga yadda abin yake. Cikin ƙasusuwan fuska akwai koguna masu iska iri huɗu, dama da hagu: a kumatu, a goshi, a tsakanin idanu, da can ciki bayan hanci. Kowanne yana da 'yar kafa wadda majina ke bi ta fita. In fatar cikinsu ta daɗe a kumbure, takan tsirar da nama mai laushi, fari-fari, kamar ɓararren inabi. Wannan shi ne tsiron hanci. Shi kansa ba ya ciwo, kuma galibi ba ciwon daji ba ne.

Manyan alamun cutar huɗu ne:

1. Toshewar hanci, har mutum ya koma numfashi ta baki da minshari.
2. Majina mai kauri, tana fita ta hanci ko tana gangarawa maƙogwaro.
3. Nauyi ko ciwo a goshi da kumatu.
4. Raguwar jin ƙanshi, har miya ta zama lami a baki.

Masu asma da waɗanda aspirin ke tayar wa numfashi sun fi kamuwa.

To, yaya ake gane shi? Likitan kunne, hanci da maƙogwaro zai fara da tambayoyi, sa'an nan ya zura siririn bututu mai fitila ya leƙa cikin hancin. In da bukata, sai a ɗauki hoton CT a ga kogunan. Tsiron da ke gefe ɗaya kawai, musamman mai zubar da jini, akan yanki kaɗan a kai gwaji. Ana samun waɗannan likitoci a asibitocin koyarwa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

A kula: ɗigon buɗe hanci na kemis, in an zarce kwanaki kaɗan ana sa shi, ƙara toshewa yake yi. Kada kuma a bari wanzami ya taɓa tsiron. Wanda idonsa ya kumbura, ko yake ganin abu biyu-biyu, ko wuyansa ya sanƙare da zazzaɓi, a kai shi asibiti a ranar.

Jama'a, ku riƙa ƙirga kwanakin murarku. In ta cika wata uku, ku nemi likita.