Abokin Aiki Mai Gaba da Korar Zalunci: Matakan da Ma'aikaci Zai Ɗauka

Sau da yawa korar zalunci tana somawa ne watanni kafin a buga takardar sallama. Wani abokin aiki ne zai sa ma'aikaci a gaba, saboda hassada, ko kwaɗayin kujerarsa, ko don ya ga wata almundahana ya ƙi rufe ido. Za a kira taro ba a sanar da shi ba, fayil ya ɓace daga teburinsa, a riƙa kai sukarsa wurin oga bayan an tashi. Shi kuwa yana ta haƙuri, yana cewa ya bar wa Allah.

Haƙuri ba ya hana ajiye shaida. Ma'aikacin da ya ga take-taken gaba ya sami littafi ya riƙa rubuta rana da lokaci da abin da ya faru da waɗanda suke wurin. Umarnin da aka ba shi da baki ya bi shi da gajeren saƙo na tabbatarwa. Ya yi wa mai gabar magana sau ɗaya cikin ladabi, in bai daina ba ya kai ƙorafi a rubuce ga shugabansa ko sashen kula da ma'aikata, ya tabbatar an buga hatimin karɓa a kwafinsa. Takardar ɗaukar aiki da takardun albashi da na yabo a gida ake ajiye su, domin ranar da aka kori mutum ake rufe masa imel ɗin ofis. Zagi da cin kwala kuwa su ne abin da mai gabar yake jira, don faɗa a wurin aiki babban laifi ne da ake korar mutum a kansa nan take.

Shawarar da ta fi cutar da ma'aikata ita ce wadda ake ba su da sunan tausayi: "Ka rubuta takardar ajiye aiki da kanka, kada a ɓata maka suna." Wani lokaci oga ne zai faɗa cikin taushin murya, takardar ma an riga an buga ta, sa hannu kawai ake jira. Wanda ya sa hannu ya ba ma'aikatar hujjar cewa da ƙafarsa ya fita. Kotu ta san da tilasta wa mutum ajiye aiki, tana kuma ɗaukarsa tamkar kora, amma nauyin tabbatar da tilascin yana wuyan ma'aikacin, alhali ga sa hannunsa ɓaro-ɓaro a takarda. Ba a sa hannu a ɗakin da aka kira mutum ba zato. Ba a sa hannu cikin fushi. Haka ma takardar da ke cewa ya karɓi dukkan haƙƙoƙinsa ba ya bin kowa komai: ya nemi kwafi, ya tafi da shi, lauya ko jami'in ƙungiyar ƙwadago ya duba tukuna. In an hana shi kwafin, wannan ma abin rubutawa ne a littafin.

Wata ji-ta-ji-ta kuma ita ce wai kamfani mai zaman kansa yana iya korar mutum duk ranar da ya ga dama ba tare da dalili ba. A da kotunan Nijeriya sun tafi a kan haka. Amma gyaran kundin tsarin mulki na uku, na 2010, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron rigingimun aiki a sashe na 254C, har da ikon duba kyawawan ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Daga nan kotun ta yanke hukunce-hukunce da dama da ke neman mai ɗaukar aiki ya kawo dalili mai ma'ana. Dokar Ƙwadago kuma ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da farawa, abin da makarantun kuɗi da gidajen mai da yawa suke takewa, su ɗauki mutum da baki su sallame shi da baki. Ta kuma ƙayyade wa'adin sanarwa: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 har zuwa shekara 2, mako 2 daga shekara 2 zuwa 5, wata 1 daga shekara 5 zuwa sama. Manyan ma'aikata da ƙwararru ba su cikin wannan doka, su yarjejeniyar aikinsu ake dubawa.

Wanda ake zargi da laifi yana da haƙƙin a ji ta bakinsa. Takardar tuhuma ba a yin fushi da ita: a amsa a rubuce cikin wa'adin da aka bayar, a tsaya kan abin da aka tambaya, a riƙe kwafi.

Idan korar ta tabbata, ma'aikaci ya nemi takardarta, ya miƙa kayan ofis a ba shi shaidar karɓa, ya kame bakinsa daga zagin ma'aikatar a Facebook. Zai iya kai kuka ƙungiyarsa, ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharsa, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a. Kotun Ma'aikata tana da rassa a Kano da Kaduna da Abuja da wasu biranen, tana kuma da sashen sasanci. Jinkiri yana kashe ƙara, musamman ga ma'aikacin gwamnati, domin lauyoyin gwamnati sukan kafa hujja da dokar kare jami'anta mai wa'adin wata 3. Watannin da ake ɓatawa ana aika dattawa roƙon oga suna cikin lissafi.

Maido da mutum bakin aiki ya fi samuwa ga wanda doka ce ta tsara aikinsa, kamar ma'aikacin gwamnati. Na kamfani galibi diyya da sauran haƙƙoƙinsa kotu take sa a biya shi. Mai asusun fansho da bai kai shekara 50 ba, Dokar Fansho ta 2014 ta ba shi damar cirar kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara idan ya yi wata 4 bai sami wani aikin ba.