Ƙurajen Zafi Ba Sa Son Mai

Ranar Talata aka kawo mini wata jaririya 'yar wata huɗu daga Unguwar Hausawa ta New Bell. Kafin in ga fatarta sai da na cire hular ulu, safa, riga biyu da bargo. A Douala, a tsakiyar Maris! Wuya da baya duk ƙuraje, wasu sun ɗuri ruwa, fatar cinya ta yi laushi har jijiyoyi na nunawa.

Na ce wa kakar, "Inna, me kuke shafa mata?" Ta kwance bakin zane ta ajiye mini robar basilin da aka cakuɗa da alayyadi, sai wani matsattsen kwalin mai da wani mai tebur ya sayar musu, wai maganin kowane irin ƙurji. Na duba jikinsa: clobetasol. Sati shida ana mulka mata shi safe da yamma. Uwar, yarinya ƙarama, kanta a sunkuye, ba ta ce uffan ba.

Abin da ya ƙona mini rai, tun farko ƙurajen zafi ne kawai. Jariri na zuwa duniya da ƙofofin gumi miliyan 2 zuwa 4 kamar na babba, cunkushe a ɗan jikin nan, hanyoyinsu ba su yi ƙwari ba. Iskar garin nan a jiƙe take, gumi ba ya bushewa. In aka liƙe ƙofofin da mai, gumin ya rasa mafita, sai ya fashe a cikin fata. Fatar ma tana da maiƙonta da take fitarwa ta gindin gashi, ba ta roƙi kowa ƙari ba.

Shi kuwa clobetasol, ko babba ba ma ba shi sai da takarda da ƙidayar kwanaki. Fatar jariri zuƙe shi take yi ya shiga jini. Tun Agustan 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta haramta mayukan bilicin, amma ga irinsu nan a tebura, mai saida su ko sunan ba ya iya karantawa.

Ƙurajen zafi iska suke so, da wanka, da riga ɗaya ta auduga. Ba mai. Hoda ma kar a cika. Na sake faɗa, ba mai.

Iyayenmu mata, in kun ga mugunya ko jiki ya yi zafi, don Allah ku kawo yaron asibiti a ranar, ku taho da duk abin da kuka shafa masa.