Shirin Kamun Kifi Bisa Yanayin Shekara a Yankin Abuja

Gabatarwa

Manoma da yawa a ƙananan hukumomin Abaji, Kwali da Gwagwalada suna haɗa noma da su, musamman mazauna gaɓar kogin Gurara da na Usuma. Kifin da ake samu ya haɗa da tarwaɗa, karfasa, kurungu, ragon ruwa da giwan ruwa. Yawan kifin da masunci zai kama baɗi ya dogara ne ga kayan aikin da ya yi amfani da su bana, da kuma lokacin da ya ɗaga wa kifi ƙafa ya hayayyafa. Wannan darasi zai taimaka wa malaman gona wajen tsara wa masunta aikin kowane lokaci.

Kayan kamun kifi

1. Kalli: raga ce da ake shimfiɗawa a ruwa da yamma, a duba da asuba.
2. Birgi: ana jefa shi a inda ruwa ba shi da zurfi kuma babu kututture.
3. Mamari: doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, ya dace da tarwaɗa da ragon ruwa.
4. Gura da undurutu: tarkuna ne da ake girkawa a bakin gaɓa ko mashigar fadama. Amfaninsu shi ne kifi na nan da rai, ana iya sakin ƙanana.

Abin da doka ta ce

Dokar kamun kifi a ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, in ban da ragunan da aka keɓe wa wasu ƙananan kifaye da ba su girma. Ana auna idon raga ne bayan an ja shi ya miƙe, daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa. Dokar ta kuma haramta kamun kifi da guba, nakiya ko lantarki. Zuba magimfa ko maganin ƙwari a ruwa yana kashe manya da ƙanana, yana kuma cutar da mutane da dabbobin da ke shan ruwan.

Damina (Afrilu zuwa Oktoba)

Idan kogi ya cika ya malala cikin fadama, tarwaɗa kan bi sabon ruwa ta zuba ƙwai a cikin ciyawa. Uwar karfasa kuwa a baki take riƙe ƙwai da 'ya'yanta, don haka wanda ya kama ta ya kama zuriyar gaba ɗaya. Saboda haka:

- Kada a tare mashigar fadama da raga ko shinge.
- A saki duk kifin da bai ƙosa ba.
- Masunta su haɗu da sarkin ruwa su keɓe wuraren da ba za a taɓa ba har ruwa ya fara janyewa.
- A sa rigar kariya daga nutsewa, kuma kada a shiga kwale-kwale idan hadari ya haɗu.

Kaka da hunturu (Nuwamba zuwa Janairu)

Wannan ne lokacin kamu mafi albarka, domin kifi ya yi ƙiba kuma yana komowa cikin kogi. Sai dai idan sanyi ya tsananta, kifi kan rage cin abinci ya sauka ƙasa. Mai fatsa ko mamari ya fi dacewa idan ya jira rana ta ɗaga, ya kuma sauke ƙugiya kusa da ƙasan ruwa. Tana, gara da 'yan hanjin kaza duk suna jawo tarwaɗa.

Bazara (Fabrairu zuwa Maris)

Ruwa kan ja baya, kifi ya taru a gurabu masu zurfi. Kada a kwashe gurbi ƙarƙaf, domin kifin da ya rage a ciki shi ne irin damina mai zuwa. A wannan lokaci ne ya kamata a yi gyara:

- A ɗinke ragar da ta yage, a sauya dalma da abin da ke sa ta iyo.
- A wanke raga a shanya a inuwa, domin rana tana cin zaren nailan.
- A toshe tsagar kwale-kwale kafin ruwan farko.
- A wasa ƙugiyoyi, a zubar da masu tsatsa.

Adana kifi

Kifi kan fara lalacewa cikin sa'o'i kaɗan a lokacin zafi, ko da yana cikin raga. A riƙa duba kalli da wuri, a fitar da hanji, a wanke da ruwa mai tsabta. Wanda zai kai ɗanyen kifi kasuwar Gwagwalada ko cikin birni ya jera shi da dakakkiyar ƙanƙara, kilo 1 ga kowane kilo 1 na kifi. Idan babu ƙanƙara, a yi banda a ranar da aka kama.

Kammalawa

Ana shawartar malamin gona ya riƙa zagayawa da ma'auni yana auna idon raga tare da masunta tun kafin su sayi sabuwa. Don ƙarin bayani, a tuntuɓi ofishin shirin bunƙasa aikin gona na Abuja da ke Gwagwalada, ko Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja.